Wanda ya hau kujera babu hamayya, me ya haɗa shi da "against all odds"?

A makon jiya an rataya wani ƙaton ƙyallen taya murna a gefen titi tsakanin Kwangila da PZ a Zariya, mai faɗin da zai rufe ƙofar shago biyu. Hoton wani bawan Allah ne cikin babbar riga da hula zanna, ya ɗaga hannu yana murmushi. A ƙasansa aka rubuta da manyan baƙaƙe jajaye: "CONGRATULATIONS SIR, YOU WON THEM AGAINST ALL ODD." Kujerar da ake taya shi murnar samu ta shugabancin wata ƙungiya ce, kuma duk wanda ya san zancen ya san shi kaɗai ya yanki fom. Ko ƙuri'a ba a kaɗa ba, tafi aka yi aka shafa fatiha aka watse.

Layi ɗaya, kuskure uku. An rubuta "odd" babu "s" a ƙarshe. An ce "won them", wanda a Turanci yake nufin mutanen ne aka miƙa masa a matsayin kyauta, kamar kofi. Na ukun shi ya fi ci mini rai, domin ƙara harafi ba ya gyara shi: an ɗauki sunan nasarar da babu wanda ya zaci za a samu, an liƙa wa nasarar da ko tuntuɓe ba a yi ba wajen samunta.

Kuma wai a Zariya, garin da Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962, ga kwalejin Barewa, ga ta Alhudahuda. Ɗalibai ne ke wucewa ta ƙarƙashin ƙyallen nan safe da yamma, kuma abin da ido ya saba gani a bango shi hannu ke rubutawa a ɗakin jarrabawa.

Matsayina shi ne: "against all odds" ba ta nufin "duk da maƙiya". Maganar yiwuwa ce da rashin yiwuwa. Idan adawa ake son ambata, Turanci yana da nasa kalmomin daban, kowace da muhallinta. Wanda kuma zai kafe rubutu a bainar jama'a, to ko dai ya rubuta Turancin daidai, ko ya rubuta Hausarsa, wadda babu abin da ta rasa a wannan fage.

Mene ne "odds" ɗin ma tukuna?

Kalmar ba baƙuwa ba ce a wurin samarinmu, sai dai ta ƙofar da ba a so suka san ta, wato shagon cacar ƙwallo. Ba tallar caca nake ba, Allah ya tsare mu, amma a can ne ma'anar ta fi fitowa fili.

Idan ƙungiya mai ƙarfi za ta kara da mai rauni, za ka ga an sa 1.20 a gaban mai ƙarfin, an sa 8.00 a gaban mai raunin. Wanda ya zuba naira 1,000 a kan ta farko, 1,200 zai karɓa idan ta ci. Wanda ya zuba a kan ta biyu, 8,000 zai karɓa. Me ya sa aka bambanta su haka? Raba 100 da kowace lamba ka gani. Ta farko za ta ba ka kusan 83, ta biyu 12.5. Wato masu lissafin suna ganin da za a buga wasan sau 100, mai ƙarfin za ta ci kusan sau 83, mai raunin kuwa da ƙyar ta haura 12. Wannan ma'aunin shi ne "odds". Babu maƙiyi a cikinsa, babu mahassadi, babu ɗan adawa. Lissafi ne tsagwaronsa.

Saboda haka idan aka ce wani ya yi nasara "against all odds", ana nufin duk wani lissafi da hasashe ya nuna ba zai kai labari ba, sai ga shi ya kai.

Misalin da 'yan gidan kallo ba za su manta ba shi ne Leicester City a kakar 2015/2016. A kakar da ta gabaci wannan da ƙyar ta tsira daga faɗawa ƙaramin rukuni. Kafin a fara sabuwar kaka masu caca a Ingila sun sa ta a 5,000 da 1, ma'ana wanda ya zuba fam 1 cewa za ta ɗauki kofin Firimiya zai kwashi fam 5,000. Ta ɗauka, da maki 81, ta ba Arsenal da ke biye da ita tazarar maki 10. Ga inda maganar ta zauna daram.

Ko ka ɗauki namu na gida, ƙwallon ƙafar Najeriya a gasar Olympics ta Atlanta 1996. A wasan kusa da na ƙarshe Brazil tana da Ronaldo da Bebeto da Roberto Carlos, tana kuma gaba da ci 3 da 1, saura kamar minti 12 a tashi. Ikpeba ya rama ɗaya, Kanu ya farke dab da busa, ya kuma ƙara ƙwallon zinare, wadda ke ƙare wasa nan take, a ƙarin lokaci, aka tashi 4 da 3. Da ka tsayar da agogo a minti na 75 ka tambayi mutum goma, da wuya ka samu ɗaya da zai ce Najeriya za ta wuce.

Gwajin ke nan, kuma ba ya buƙatar ƙamus. Kafin a yi abin, da an tara mutum goma masu hankali da suka san halin da ake ciki, nawa ne za su ce za a yi nasara? Idan takwas ko tara za su girgiza kai, rubuta "against all odds" hankalinka kwance. Idan rabi da rabi ne, ba ta dace ba. Idan kuwa duk goman sun san zai ci tun kafin a fara, kamar mutuminmu na kan ƙyalle, to maganar ta zama abin dariya.

Lura kuma ba dole sai da abokin karawa ba. Maras lafiyar da likitoci suka fidda rai da shi ya tashi, ko yarinyar da ta fito daga ƙauyen da babu sakandare ta zama likita, duk ana iya faɗa musu haka, alhali babu wanda ya yi jayayya da su.

Batun "s" ɗin nan kuma ba na ado ba ne. A wannan ma'ana kalmar kullum da "s" take. Idan ka cire, ka koma wata kalma daban: "odd" na nufin lambar da ba ta rabuwa biyu daidai, kamar 3 da 5 da 7, abin da muka sani da wutiri, ko kuma abu bambarakwai. A bakin samari ake jin "odd ɗin ya yi ƙasa", daga nan ta tsallako kan ƙyalle ba wutsiya. "Against the odds" da "against all the odds" duk daidai ne. Haka "beat the odds" da "defy the odds". Amma a yi hattara da 'yan uwanta na nesa: "at odds with" saɓani take nufi tsakanin mutum biyu, "odds and ends" kuwa tarkacen gida ne.

Muzuru da shaho

Ina ganin na san inda muka kwaso kuskuren, kuma ba jahilci ba ne zalla. Bahaushe idan zai yabi nasara, maƙiyi yake fara hangowa. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Hassada ga mai rabo taki ce. Dubi bayan kowace tifa da Keke Napep a hanyar Samaru, za ka ga saƙo zuwa ga mahassada. To da aka ji Turawa suna da wata magana mai "against" a ciki, wadda ake faɗa idan an yi nasara, sai aka ɗauka "odds" su ne muzuru da shahon.

Muzuru yana da rai, yana da niyya, laɓewa yake yana jiran zakara. "Odds" ba su da niyyar kowa. Shi ya sa idan shugaban matasa ya ce a rubuta wa maigidansa "against all odds", a ransa habaici yake yi wa ɓangaren da ba sa ɗasawa. Mai karatu da ya san Turanci kuwa abin da zai fahimta shi ne, babu wanda ya ɗauka maigidan zai iya. An je yabo an ɓuge da rage masa daraja, da kuɗinsa kuma aka buga.

To idan adawar ake nufi fa?

Akwai hanyoyi huɗu da aka saba, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Mafi sauƙi su ne "despite opposition" da "in spite of opposition", ma'anarsu ɗaya, duk da adawa. A nan kuskure biyu ake yawan yi. "Despite" ba ta ɗaukar "of", saboda haka "despite of" ba Turanci ba ne. "In spite of" kuma kalma uku ce, ba a haɗe biyun farko a rubuta "inspite".

Sama da su akwai "in the face of opposition", wato an yi abin ana ido da ido da masu ja. Mafi zafi ita ce "in the teeth of opposition". Hoton da ke cikinta na iska ne, wadda ake fuskanta kai tsaye kamar tana cizo. Wanda ya taɓa hawa babur da asubar hunturu ya nufi Funtuwa, iska na yankar fuskarsa, ya san abin da ake nufi. Ba a taɓa ginin maganar: "in the teeth of", haƙora da yawa, da "the" a gaba da "of" a baya. Babu "in the tooth", babu "on the teeth". Ana yawan ƙara mata "fierce" ko "stiff" ko "strong" kafin "opposition". Kada kuma a rikita ta da "by the skin of his teeth", wadda take nufin da ƙyar da jiɓin goshi.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, waɗannan huɗun ba su ce an ga bayan masu adawa ba. Cewa kawai suka yi an yi wani abu alhali ana ja. Aikatau ɗin da ke cikin jimlar shi ke faɗin yadda aka ƙare.

Tarihin jiharmu ya ishe mu misali. A 1979 Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP ya kayar da Alhaji Lawal Kaita na NPN ya zama gwamnan tsohuwar Jihar Kaduna, lokacin Katsina tana ciki. Amma NPN ce ke da rinjaye a majalisar dokoki. Majalisar ta ƙi amincewa da sunayen kwamishinoninsa, aka yi ta kai ruwa rana, har ta tsige shi a watan Yuni na 1981, ya zama gwamna na farko da aka tsige a ƙasar nan.

Yanzu auna jimla uku a kan wannan labari. "He won against the odds": ana iya kare ta, domin jam'iyyar da ta kwashe kujerun majalisa ita aka sa ran za ta ɗauki gwamna. "He governed in the teeth of fierce opposition": wannan daidai take ɗari bisa ɗari. "He overcame the opposition": wannan ba gaskiya ba ce, domin a ƙarshe su suka fitar da shi. Mutum ɗaya, labari ɗaya, amma kowace jimla da'awarta daban. Ɗalibin tarihi ko na kimiyyar siyasa da ya ɗauka duk abu ɗaya suke faɗa, zai rubuta ƙarya bai sani ba.

Ƙaramin abu kafin in wuce: adawa da wani abu "opposition to" ce. Hausa ce ke jan hannunmu mu rubuta "opposition with".

"Ci" ɗaya ce a Hausa, a Turanci biyu ce

Kuskuren "won them" daga Hausa ya taso kai tsaye. Mu muna cewa Pillars ta ci kofi, muna kuma cewa Pillars ta ci Enyimba. Kalma ɗaya, kuma babu mai ruɗewa. Bature ya raba su. "Win" tana bin abin da aka samu ko gasar da aka yi: "win the election", "win the cup", "win the case". "Beat" da "defeat" su ke bin wanda aka kayar: "beat Brazil", "defeat his opponent". A 2015 Buhari "won the election" kuma "defeated Jonathan". Idan ka juya su ka ce "won Jonathan", ka mai da tsohon shugaban ƙasa kofi. Idan lallai sai ka yi amfani da "win" tare da abokin karawa, sa "against" a tsakani: "won against Brazil".

"Beat" ba ta canzawa idan abin ya wuce, "beat" ce jiya "beat" ce yau, sai "beaten" bayan "has" ko "was". Babu "beated". A takardar ofis ko ta taya murna "defeated" ta fi kamun kai, don kada wani ya ɗauka dambe aka yi.

Inda ramin ya fi zurfi shi ne "win over". Idan suna ce, kamar "Nigeria's win over Argentina", nasara ce a kan wani, kamar 3 da 2 ɗin da aka yi a wasan ƙarshe na Atlanta. Idan aikatau ce, ma'anar ta juye gaba ɗaya. "He won over the delegates" na nufin ya shawo kan wakilai sun dawo ɓangarensa. Bai kayar da su ba, jawo su ya yi. Sakataren da ya rubuta "our chairman won over the opposition" yana nufin an murƙushe 'yan adawa, ya sanar da duniya cewa an sasanta da su ne.

Haka "prevail" take, ƙaramar kalmar da ke biye da ita ce ke riƙe da linzami. "Prevail over" ko "prevail against" rinjaye ne, an fi ƙarfin wani. "Prevail on" ko "prevail upon" lallashi ne, kuma "to" ke biyo baya da abin da aka roƙa. "The elders prevailed on him to step down": dattawa sun sa baki, sun lallashe shi ya janye, an rabu da mutunci. Sauya "on" da "over" a takardar bayanin taro, ka rubuta cewa dattawa sun danne shi. A garin da ake auna kowace kalma idan ta shafi manya, irin wannan ya isa ya jawo a kira ka zaure.

"Overcome" ita kuwa ba ta son rakiya. "He overcame the opposition", shi ke nan, babu "over" babu "against" a bayanta. Jiya "overcame", bayan "has" kuma "overcome". "Overcomed" babu ita. A kula da "was overcome by", domin nan shi aka fi ƙarfi: "he was overcome by smoke" hayaƙi ne ya galabaitar da shi.

"Malam, ai an gane abin da ake nufi"

Wannan ita ce amsar da aka fi bayarwa, kuma a kan "odd" maras "s" zan iya sassautawa, an gane ɗin. Amma a kan "win over" da "prevail on" ba a gane ba, kishiyar abin aka fahimta. Wanda ya gane ɗin ma don ya riga ya san labarin ne. Rubutu kuwa ana yin sa ne saboda wanda ba ya wurin.

Sannan ƙyalle ba shi kaɗai ba ne. Irin wannan Turancin ne ke shiga takardar neman aiki da ta neman tallafin karatu a waje. Yaro ya tashi a gidan malaman jami'a, littafi ko'ina, ya yi makarantar kuɗi, sai ya buɗe takardarsa da cewa ya kammala digiri "against all odds". Mai tantancewa zai jira ya ji wane dutse aka hau, ya karanta har ƙarshe bai gani ba. Daga nan sauran abin da yaron ya faɗa ma sai a fara ɗaukarsa da shakka. Wanda kuma da gaske ya yi tallan rake ya biya wa kansa kuɗin makaranta, an riga an tsinke masa kalmar da ta dace da shi.

"Ai Turancin Najeriya ne, har Turawa sun karɓa"

Wannan hujja tana da ƙafa, ba zan raina ta ba. A watan Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, ciki har da "Kannywood" da "okada" da "danfo" da "next tomorrow". Na yi murna da hakan. Harshe na masu magana da shi ne, kuma yawanmu ya isa a saurare mu.

Sai dai dubi irin kalmomin da aka ɗauka. Yawancinsu sunayen abubuwan da muke da su ne Bature ba shi da su, ko kuma maganar da ɗan Legas da ɗan Zariya da ɗan Inugu duk suka yarda da ma'anarta guda. Wane giɓi "won them" ta cike, alhali ga "beat them" nan mai gajarta ɗaya? "Against all odds" kuma ba mu ba ta sabuwar ma'anar da muka haɗu a kai ba. Jaridunmu na Turanci suna amfani da ita a ma'anarta ta asali, mai ƙyalle yana amfani da ita a wata. Wannan ba sabon kari ba ne, ruɗani ne.

Akwai waɗanda ke tsakiya. "Scale through" tamu ce, kowa a ƙasar nan ya san tana nufin an tsallake, kuma ba na tayar da jijiyar wuya a kanta a hira. Amma mai rubutu ya san cewa a waje abin da aka sani shi ne "sail through", an wuce cikin sauƙi, da "scrape through", an sha da ƙyar. Tamu ba ta faɗi wanne daga ciki ba.

A Turancin buroka "I win am" daidai ne, ka faɗe ta a tashar mota ko kasuwar Sabon Gari babu mai ɗaga maka gira. Buroka harshe ne mai dokokinsa. Amma mai duba takardar WAEC ko NECO ba da dokar buroka yake maki ba, kuma tambayoyin JAMB na Turanci suna son irin waɗannan 'yan ƙananan kalmomi, "on" ko "over", "to" ko "with", domin a nan ake gane wanda ya karanta da wanda ya ji a bakin titi.

"Turanci harshen uwarka ne da za ka dame mu?"

A'a, kuma rabin wannan magana ina tare da ita. Babu wanda ya isa ya ji kunya don bai iya Turanci ba. Abin tambaya shi ne, wa ya tilasta a rubuta da shi? Mutanen da aka rataya wa ƙyallen nan, daga masu shago har 'yan acaɓa har shi mai hoton, Hausa suke yi daga safe har dare.

A garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam yana editanta, a nan kuma aka kafa kamfanin Gaskiya a Tudun Wada a 1945. Idan akwai garin da bai kamata ya ji nauyin kafe Hausa a bango ba, Zariya ce. Kuma duba abin da muke da shi a wannan fage kaɗai. Ya kayar da shi. Ya doke shi. Ya lallasa shi. Ya yi masa fintinkau. Ya sha da ƙyar. Ya tsallake rijiya da baya. Ya shawo kansu. Ga kuma wadda ta fi kusa da "against all odds" ɗin kanta: ya ba maraɗa kunya. Kowace da nauyinta, kuma ɗan shekara goma ba zai sa "ya sha da ƙyar" a inda "ya yi fintinkau" ta dace ba. Kunnen da ya iya wannan bambanci a Hausa shi nake roƙo a tafi da shi Turanci.

Sharaɗi ɗaya dai: Hausar ma a rubuta ta daidai, da ƙugiyoyinta. Wanda ya rubuta "kasa" yana nufin "ƙasa" bai fi mai "odd" ba.

Inda abin ke lalacewa

Yawanci ba a bakin mai magana kuskuren ke kafuwa ba, a shagon buga fasta ne. Shugaban matasa zai turo hoto da suna ta WhatsApp da daddare, ya ce, "Don Allah ƙanena, gobe da safe ake so, ka sa masa Turanci mai nauyi." Yaron da ke kan kwamfuta ya ce, "An gama, yallaɓai." Sai ya buɗe tsohon aiki a manhajar zane ta CorelDraw, na wani da aka yi wa bara, ya cire hoto ya sa sabo, ya canza suna, ya bar jimlar yadda take. Haka kuskure ɗaya zai yi shekaru yana yawo daga bango zuwa bango da fuskoki daban-daban. Manhajar duba rubutu ba za ta cece shi ba, domin "odd" da "won" da "them" duk kalmomi ne na gaskiya, haɗin ne ya ɓaci. Ita kuma injin bugawa abin da aka ba ta take fitarwa, kuma da zarar tawada ta hau leda babu gogewa, sai dai a sake biya.

Maganin bai kai kuɗin ƙusa ba. Kafin a aika aiki injin, mai shago ya tambayi mai aiki da Hausa, "Yallaɓai, me kake son a ce?" Idan ya ce an kayar da wane, "defeated" ce, sunan wanda aka kayar ya biyo. Idan ya ce an ci zaɓe, "won the election". Idan ya ce an yi ta ja da shi amma ya samu, "despite stiff opposition". Idan ya ce babu wanda ya zaci zai samu, a sake tambayarsa ko maigidan zai so a faɗi haka a titi, in ya ce e, sai a sa "against all odds" da "s" ɗinta. Sannan a tura hoton aikin ga wani malamin Turanci ya duba, wanda a Zariya ba a rasa shi a kowane layi. Minti biyu ne.

Shi kuwa mutuminmu na tsakanin Kwangila da PZ, abin da ya faru da shi yana da sunansa a Turanci, kuma ba abin kunya ba ne: "Congratulations, Sir, on being elected unopposed." Idan dattawa ne suka sa baki sauran suka haƙura, to "they prevailed on the others to step down", amma wannan ba a sa shi a ƙyalle. Da ni aka tambaya ma, da layin Hausa ɗaya aka sa a ƙarƙashin hoton: "Muna taya ka murna, Allah ya taya riƙo."